Kwamfutar Marigayi Sanda

Jama'a, abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba, kuma wallahi ban ƙara ko gishiri ba. A shekarar 2008 ina aiki a Konni, a buron wani purje, wato ofishin wani shirin tallafi, da ke ɗaukar hoton takardun gonaki yana adanawa, saboda mutanenmu na ƙauye takarda ba ta daɗewa a hannunsu, in ruwa bai ci ba gara ta ci, kuma ranar rigimar iyaka wanda ba shi da takarda ya rasa gona.

Muna da babbar kwamfuta guda, a cikinta na gina wasu ƙanana uku marasa jiki, ta Tsarnawa, ta Dogarawa da ta Tajaye, dukkansu suna zuba takardu a akwatin ajiya ɗaya da muke kira rumbu. Kafin zuwana, tsohuwar kwamfutar Malam Sanda ce ke zubawa a rumbun, shi ne ya fara aikin, Allah ya jiƙansa. Da ya rasu na cire ta, na naɗe wayarta na tura ta ƙarƙashin tebur.

To rumbu ya cika, shef, wato shugaban aikinmu, ya ce in share maimaici. Ni kuwa lokacin jinina na tafasa, ina ganin duk Adar babu wanda ya san inji kamata, sai na yanka wa kaina doka: takarda biyu suna ɗaya, sabuwa ta zauna, tsohuwa ta tafi. Ina ta shara har na iso kan gonar wata Inna Hajo ta Tajaye. Takardunta biyu ne, ɗaya Sanda ya ɗauka, ɗaya an shigar daga baya. Na danna in goge ta Sanda, rumbu ya ƙi, wai wata kwamfuta ta buɗe takardar tana riƙe da ita. Na duba wacce, sai ga sunan kwamfutar Sanda.

Kai! Da rana tsaka fa, ana kiran azahar. Na leƙa ƙarƙashin tebur, ga ta nan da ƙurarta, waya a naɗe, ba ta ga kuran ba, wato wutar lantarki, shekara guda. Na kashe ƙananan nan uku, ta yiwu ɗayarsu ce ta ari sunan. Shiru, tana riƙe. Kwana uku muna haka, kullum na taɓa takardar sai tsigar jikina ta tashi. Mai gadinmu, dattijo ne, ya ce min, "Malam, bar ta hwa. Abin da ya ƙiya, ka san mi ya gani?" Na yi dariya na ce inji ba ya gani.

Rana ta huɗu haushi ya ɗebe ni, na zare wayar rumbun gaba ɗaya na mayar, kafin ya gama farfaɗowa na goge ta. Ban ko buɗe na karanta ba.

Bayan sati biyu sai ga tsohuwa ta sauko daga mota, ita ce Inna Hajo. Ta ce, "Ɗiyana, gara ta canye takardata, ga ɗiyan maƙwabci sun taso min kan fadama. Sanda ya ce ko ya mutu tana nan wurinku."

Na buga mata wadda ta rage. Ina karanta mata iyaka, ta ce, "Ina fadamar?" Babu fadama a ciki. Wanda ya shigar da sabuwar ya tsayar da gonarta a bakin tudu, kuma shaidun farko duk sun rasu. Na tona rumbun nan har la'asar, ban samu komai ba. Ta naɗe takardar a bakin zane, ta ce Allah ya saka da alheri, ta tafi. Fadamar ba ta dawo hannunta ba.

Har yau ban san me ya riƙe takardar nan ba, na tambayi waɗanda suka fi ni sani sun ce ba ya yiwuwa. Ni dai roƙona gare ku, duk abin da aka ba ku ajiya, ku buɗe ku duba kafin ku taɓa. Ni ban gaya mata ni na goge ba, kuma addu'ar da ta yi min ita ce ke hana ni sukuni.