Direban Albasa da Doguwar Gada

Shekara ashirin da takwas Muntari ya yi yana jan motar albasa daga Aliero zuwa Ikko, har yanar ido ta sauke shi daga kan sitiyari. Yanzu a kan benci yake yini a tashar Jega, yana gane motoci da kukan inji. Ba gona ya tara ba, ba shanu. Hanya kaɗai ya sani, ita kuwa ba wanda ke tambayarsa, tunda kowane direba na da taswira a waya. Abin yana cinsa ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Da ɗansa Naziru, malamin motsa jiki a firamare, ya ce zai shiga gudun yada ƙanin wani na Ikko, Muntari ya fara da faɗa. Wai mutum da hankalinsa, ba a kore shi ba, ya kama gudun kilomita arba'in da biyu. Amma da aka karanto masa unguwannin da za a ratsa, sai ya gyara zama. Ai nan gidansa ne.

Sai ya kwaso Ikko ya shimfiɗa ta a kan titin Jega zuwa Aliero. Ƙofar gidansu a unguwar Jega Firchin ita ce filin wasa na Surulere, inda za a tashi. Gidan mai na bakin gari shi ne Ojuelegba. Rumbunan albasa su ne Anthony. Wani miƙaƙƙen fili marar inuwa kuma shi ne doguwar gadar nan da ke bisa ruwa, wadda ya ce tana cinye mai kamar ba gobe. Wata uku Naziru na gudu da sanyin safiya, uban na biye a bayan babur ɗin haya, yana kiran sunayen unguwanni da ƙarfi, manoma na dariya.

Shawara ɗaya ya fi nanatawa. Ya ce a Oworonshoki, gab da hawa gada, cunkoson motoci ba ya yankewa, dole kowa ya rage gudu, to nan Naziru zai maida numfashi. Bawan Allah bai san ana rufe titi ranar tsere ba. Naziru ya sani, ya yi shiru.

Ranar gudun, Muntari bai iya karyawa ba. Ya zauna a tasha da waya a tafin hannu, yana lissafin inda yaron ya kai, har rana ta take. Tsoro yake kada iliminsa ya zama tsohon yayi, ya ɓatar da ɗansa a garin mutane.

Kafin azahar waya ta yi ƙara. Naziru ya gama, yana haki a bakin teku. Bai ci kyautar komai ba, ɗaruruwa sun riga shi. Ya faɗa wa uban gaskiya, cewa ko keke babu a titin, amma duk da haka ya sassauta a Oworonshoki, kuma da yawan waɗanda suka wuce shi a nan ya tarar da su tsugune a tsakiyar gada.

Muntari ya yi gyaran murya. Sannan ya tambaya a hankali, "Kai, da kab bi ta bisa gadag ga, mi aƙ ƙarƙashinta?"

"Ruwa na, Baba. Ba kai kas san ta ba?"

"Ban taɓa dubawa ba. Idona na ga titi."

Naziru ya zauna a ƙasa da takalmansa a hannu, ya fara ba shi labarin kwale-kwalen masunta da gidajen katako da ke tsaye cikin ruwa. Muntari ya toshe ɗaya kunnen saboda hayaniyar tasha, ya ce masa ya bi a sannu, kada ya tsallake komai.