Jan Zaren Yaya Sale

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Sale, mai injin casar shinkafa a Kura. Allah Ya gafarta masa. Zan faɗi abin da ya bari, sannan abin da na yi da shi, sannan inda muke yau.

Yaya Sale bai taɓa buga suna a buhu ba. Buhunsa fari ne kamar na kowa, sai dai da jan zare ake ɗinke bakinsa. Yana kuma da ƙa'ida: ba a ɗinke wa sabon mai saye buhu sai ya zura hannu har gwiwa, ya ɗebo daga ƙasa, ya duba tsakuwa, ya tauna ƙwaya. Daga Bunkure har Kumbotso, masu sayar da abinci "mai jan zare" suke kiran shinkafarmu.

Tun yana raye nake matsa masa mu shiga kafafen sada zumunta. Ya ce, "Habu, me mutane suke yi a ciki?" Na ce hira, dariya, kallon hotunan biki, jin labarin 'yan'uwa. Ya ce, "To majalisa ce. Ka taɓa ganin an yi murna da wanda ya shigo majalisa da buhu a ka? Zama ake yi a saba tukuna." Na ɗauka tsufa ne ke damunsa.

Da injin ya dawo hannuna, abu uku na yi. Na farko, na buga buhu mai launi da sunan Turanci. Na biyu, na bar jan zare, don sabon keken ɗinkin buhu da farin zare ya zo, ban ga dalilin canzawa ba. Na uku, na ɗauko wani mai barkwanci ya yi mana bidiyo yana rawa rungume da buhu. Bidiyon ya zaga gari. Har a bakin kwatar ruwan gonaki sai ka ga masu ban ruwa suna kwaikwayon rawar. An yi dariya, an tura wa abokai, an wuce. Na tambayi wasu sunan shinkafar, suka ce su dai rawar suka riƙe.

Wadda ta farkar da ni Mama Ladi ce, mai gidan abinci a Kumbotso, tsohuwar mai sayen shinkafar Yaya. Ta ɗauki hoton wani tsohon buhu ta saka a zauren masu sayar da abinci na waya, ta rubuta, "Jama'a, tun da Baba Sale ya rasu, wa ke yin wannan?" Ba ta san muna nan ba. Kafin labari ya iso ni, wasu masu casa biyu sun sayi jan zare sun amsa mata. Shinkafarsu ba ta kai tamu ba, amma sun riga ni.

Na kira ta. Ta ce, "Malam Habu, ashe kai ne mai shinkafar rawar nan? Mun sha dariya! Ni na ɗauka shinkafar kanti ce."

Da Yaya zai ga yau, ba na jin zai zagi waya. Zai nuna mini tambayar Mama Ladi ya ce ga abin da ke kai mai saye can: neman wanda zai yarda da shi, ta bakin wanda ya riga ya sani. Ina can ina ƙirga masu kallon rawa, masu nemanmu suna cigiya.

Bara na koma jan zare, amma yanzu ya cika kasuwa, ba ya nuna komai. Alamar da ya yi shekaru yana tsarewa, ni na yar da ita.

Abin da ya rage na Yaya shi ne ƙa'idar hannu. Mai saye daga nesa sai na kira shi ta bidiyo, ya zaɓi buhu da kansa, na zura hannu har gwiwa, na tauna yana kallo. Mama Ladi ta dawo, sai dai duk wata takan hau adaidaita ta zo ta zura nata hannun. A zamanin Yaya aike kawai take yi.