Kuskuren da Yaya Rifkatu Ta Ƙi Gyarawa

Yau shekara goma sha tara ke nan da muka binne yayata Rifkatu, amma har yanzu idan wani ya ce mini "sai an jima", sai gabana ya faɗi.

Daga ƙauyenmu na ƙasar Tangale muka zo Gombe bayan samun 'yancin kai. Ita tana ɗinki a unguwar Bolari, ni ina koyarwa a firamare. A jikin shagonta akwai garejin wani bakanike ɗan ƙabilar Ibo mai suna Emeka, wanda neman abinci ya kawo shi Arewa. Hausarsa kuwa sai dai a yi shiru: ya ce wa mace "kai", ya ce wa namiji "ke". Yaya, wadda ita ma da kunne ta tsinci Hausar, ta naɗa kanta malamarsa. Da gyaran Hausa aka fara, aka wayi gari ya kai gaisuwa gidanmu.

Sai rikici ya ɓarke, mutanen Gabas suka fara guduwa gida. Muka raka shi tashar jirgin ƙasa, taragai sun cika maƙil. Ya leƙo ta taga ya ɗaga murya, "Rifkatu, sai an jima!" Mai doguwar tafiya "sai wata rana" yake cewa, "sai an jima" ta wanda zai je kasuwa ya dawo ce. Na zungure ta, ina jiran ta gyara masa kamar kullum. Ta ce, "Ƙyale shi, Lami. Yau daidai ya faɗa."

Yaƙin basasa ya ƙare, kuɗin mai ya shigo, 'yan'uwansa suka dawo suka buɗe shagunan kayan mota. Duk ranar da aka ce mota ta sauke su, Yaya sai ta bar keken ɗinki ta nufi tasha. Wani ya ce ya gan shi da kakin soja, wani ya ce yunwa ce ta kashe shi, wani ya ce ai yana Legas da iyali. Manema suka zo, har da wani babban ma'aikaci mai gida a GRA, ta ce tana da baƙo a hanya. Na yi mata faɗa ba sau ɗaya ba. Wata rana har na ce mata, an ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, to ga dutse muna gani, ina romon? Wannan maganar tana ci na har yau.

Jikata tana karanta labaran soyayya na zamanin yaƙi a waya, irin waɗanda a shafin ƙarshe saurayi kan sauko daga mota yana ɗingishi, kowa ya fashe da kukan murna. Da Yaya tana nan, ina jin ba za ta saurari labarin ba, cewa za ta yi a nemo mata Emeka a cikin wayar. Ni na gwada a ɓoye. Masu suna Emeka sun fi a ƙirga, sunan mahaifinsa kuma ban taɓa riƙewa ba.

Ba ta bar ɗa ba, keken ɗinkin ma ya yi tsatsa. Abin da ta bar mini kalma uku ce kawai. Ranarta ta ƙarshe a asibiti, ta san tafiyar ba ta dawowa ba ce, ni ma na sani. Ta riƙe hannuna ta ce, "Lami, sai an jima."

Ni malama ce, gyara ya zame mini jiki. Na buɗe baki, sai na rufe.

Shekara goma sha tara ke nan, ni ma ina jira.