Taɓaryar Saude a Filin Sukuwa

Da an sallame sallar asuba, Malam Labbo yakan tuɓe takalmansa a bakin filin sukuwa na garin Isa, ya bi shi taki-taki, yana tsince ƙaya da tsakuwa, yana cike duk inda kofato ya ƙwaƙule. Shekara talatin da ɗaya yana wannan hidima, sai bana da gwiwoyi suka ce ya isa.

Bara, da aka yi fari mai tsanani, aka rasa ruwan yayyafa wa fili. Ƙasa ta yi ɓawo, gafiyoyi suka haƙa ramuka a ƙarƙashinta, inda ido ba ya gani. Sai ya saɓi taɓaryar matarsa Saude.

"Malam, ina za ka da ita?"

"Aro nika yi. Ke da ba ki da geron daka?"

Ya riƙa buga ƙasa yana saurare. Inda ta amsa kamar ganga, akwai rami.

Waɗanda suka halarci sukuwar bayan Sallar bara shaidu ne. Dawaki bakwai sun jeru, har da na Yari, mahayin garin Turba, wanda doki ɗaya tak fari ya bar masa. Sai ga Labbo tsaye a tsakiyar fili.

"Baba, gusa!" in ji Yari. "Sukuwa muka zo, ba daka ba!"

Jama'a suka kwashe da dariya.

"Ba ni gusawa, ɗana. Wanga wuri bai amsa mini daidai ba."

Ya ɗaga taɓarya ya buga sau uku. A na ukun ƙasa ta rufta har gwiwarsa, daidai layin da dokin Yari zai bi. Yari ya sauko, ya shafa ƙafafun dokinsa, sannan ya tuɓe riga ya kama ɗibar ƙasa. Bayan la'asar aka yi sukuwa, dawaki bakwai suka tashi, bakwai suka dawo.

Kai ne, Baba Labbo, mai kunnen ƙasa. Ana yi wa mahaya guɗa, kai kuwa kana gefe kana ƙirga ƙafafun da suka dawo lafiya. Mun gode, Allah Ya saka maka da Aljanna. Duk wanda aka ba amanar wurin da wasu za su taka, ya taka shi da ƙafarsa tukuna, kamar yadda ka yi.

Bana an sami ɗan gero, alhamdu lillahi. Saude ta aika a karɓo mata taɓaryarta wurin Yari, wanda yanzu shi ke buga fili da ita a madadin Labbo. Yari ya hana, ya sassaƙo mata sabuwa.