Mayafin Kaka

Jiya a cikin keke wata mata ta zauna kusa da ni tana ƙamshin humra. Kafin mu kai unguwar Hausari wuyana ya fara ƙaiƙayi, raina kuma ya koma gidanmu na unguwar Shehuri.

Kakarmu mai haɗa turare ce. A garin da mace ba ta fita sai ta turara jikinta, ni aka haifa da kirci. Ku da fatarku ke lafiya ba za ku gane ba. Lanƙwasar hannuna da bayan gwiwata su bushe, su tsage, in yi ta susa har jini. An sha ba ni jiƙo, ba a dace ba. Kaka ce ta lura duk ran da na kwanta a cinyarta sai abin ya tashi. Da aka kai ni asibiti, likita ya ce haka ne: ba ya warkewa ɗungurungum, kuma ba a ɗauka, sai dai a guje wa abin da ke tayar da shi.

Daga nan aka kafa mini doka. Wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu marar ƙamshi, man kaɗanya tun jiki bai bushe ba, kayan auduga, farce a yanke. Lokacin zafi, da gumi ya sauko, sai inuwa. Ba humra, ba turaren wuta, ba cinyar Kaka.

Yayata kuwa, mai fata sumul, ita ke daka icen sandal na turare, ita ake goga wa sabon haɗi a wuya a shinshina. Ni ina bakin ƙofa ina warin man kaɗanya. Wallahi na ji haushinta, har dariyarta ba na so.

"Matsa can, 'yar nan, hayaƙi zai taɓa ki," in ji Kaka. Don tausayi take faɗa, amma ni kora nake ji.

Yanzu akwai mayuka iri-iri, na kuma san kan ciwona, sai in daɗe bai motsa ba. Hassadar ce ba ta da man shafawa. Da Kaka ta rasu, yayata aka bai wa mayafinta, wanda ya sha turaren shekara da shekaru. Na ce ta ara mini. Ta dube ni ta ce, "Kin san abin da zai biyo baya." Na ce na sani.

Na yini lulluɓe da shi. Na yi kwanaki ina susa, wuyana duk ya yi ja, kuma da yayata ta aiko a karɓa sai da na yi kuka.