Ƙullin Ciyawar da Baba Ayuba Ya Ƙi Kwancewa

Bana shekara arba'in da shida ke nan da muka binne mahaifina, Baba Ayuba, a bayan gidanmu, a wani ƙauye da ke tsakanin Kafanchan da Kwoi. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, kuma da an ƙyale ni da na ci gaba da yin shiru. Abin da ya tayar da ni wata takarda ce da ƙungiyar ci gaban garinmu ta aiko mini a watan jiya. Wai za su dasa itatuwa a inda kurminmu yake a da, su sa wa wurin sunansa, saboda haka in sa musu albarka. Na karanta sau biyu, raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba.

Masu riƙe da ƙungiyar yanzu ba su ga kurmin da idonsu ba, don haka bari in gaya musu. Duhuwar manyan itatuwa ce a gindin tudu, da idon ruwa a tsakiyarta wanda ko a tsakiyar rani ba ya ƙafewa. Can muke ɗebo ruwan sha, can mata ke wanke citta kafin a tsaga ta a shanya a kan duwatsu. Kafin zuwan bishara, a wani gefe na kurmin ake yin dodo. Baba yana cikin na farko da suka yi baftisma a garin, har dukan tsiya ya sha a hannun 'yan uwansa saboda ya ƙi komawa wajen dodon. Daga baya aka naɗa shi dattijon ikilisiya.

A tsakiyar shekarun saba'in 'ya'yan gari da suka yi boko suka kafa ƙungiyar. Malaman makaranta ne da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa. Lokacin Kirsimeti suke zuwa da takalmansu masu tsini, su yi mitin da Turanci, sannan a fassara wa masu garin abin da aka riga aka yanke. Babban burinsu hanya, wadda manyan motocin citta za su shigo har kasuwa. Baba bai ƙi hanya ba, kada wani ya yi masa ƙarya. Shi ne ma mai kiran gayya a garin. Da ƙafarsa ya taka inda hanyar za ta zaga ta kan tsandauri ta bar kurmin a hagu, ya nuna musu. Amma sakataren ƙungiya, Malam Istifanus, wanda ke koyarwa a Zonkwa, ya riga ya ɗora rula a kan takarda ya ja layi. Layin ya ratsa tsakiyar kurmin, kuma babu wanda ya yarda a lanƙwasa shi.

Sai aka samo aron katafila na kwana uku. Aka sa samari su fara shiga da gatura su share mata hanya. Da suka isa bakin kurmin da safe, suka tarar da sanda a kafe, da ƙullin ciyawa a samanta. A wurinmu kowa ya san wannan alama tun yana goye. Ma'anarta akwai magana a kan wannan abu, kada a taɓa shi sai dattawa sun zauna. Ana ɗaura ta a gonar da ake jayayya a kanta, ana ɗaura ta a ɗorawar da ba ta nuna ba. Babu jini a cikinta, babu kiran sunan kowane dodo. Samarin suka tsaya, suka dubi juna, suka saɓa gaturansu suka koma gida.

Ƙungiya ba ta kira dattawa ba, domin ta san abin da za su ce. Sai ta kai ƙara majami'a, cewa dattijon ikilisiya ya koma tsafi, ya ɗaure kurmin dodo. Aka zaunar da Baba a gaban 'yan majalisar ikilisiya, aka ce ya je ya kwance ƙullin da hannunsa, ya tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ya furta zunubinsa, shi ke nan magana ta mutu. Uwata ta faɗa mini amsar da ya ba su: "Ciyawa ne, ba tsafi ba. Ku duka kun san shi. In na ce na yi zunubi, na yi ƙarya a gidan Allah, kuma ruwan nan zai tafi." Aka sa shi ƙarƙashin horo. Aka sauke shi daga muƙamin dattijo, aka mayar da shi bencin baya, aka hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu baftisma ke karɓa a sujada, har sai ya tuba. Washegari Malam Istifanus ya tumɓuke sandar da kansa, katafila ta shiga. Shekara uku Baba ya yi a haka, kuma a ƙarƙashin horon ya mutu.

Na kan tambayi kaina abin da zai ce da zai leƙo yau. Idon ruwan bai kai rani na huɗu ba. Hanyar tana nan, amma duk damina sai ruwa ya yanke ta daidai wurin, domin ba a samu mai gaya wa ruwa cewa an canja masa gida ba. An haƙa mana rijiyar burtsatse har biyu, kowacce da allon sunayen manyan baƙi, kowacce ta lalace. Jikokin matan da muka yi ɗiban ruwa tare suna ɗora jarkoki a kan babur zuwa ƙauyen maƙwabta. Gefen hanyar duk an yanka filaye, an jera shagunan caji da na sayar da fetur a kwalba. Ba na jin zai ce komai. Mutum ne da ba ya maimaita magana in ya faɗe ta sau ɗaya.

Kafin in ba ƙungiya amsa, na je na ga Malam Istifanus. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yanzu shi ne uban ƙungiyar. Bayan gaisuwa na ce masa, "Malam, tambaya ɗaya ta kawo ni. Ranar da ka kai Baba majalisa, ka san ba tsafi ba ne?"

Can ya ce, "Malama Saraya, na sani mana. Mamana ma tana ɗaura shi a ɗorawanta. Amma kwana uku kawai aka ba mu katafila ɗin. Da mun jira dattawa, da ta tafi."

Amsar ke nan, bayan duk waɗannan shekaru. Na ce masa su dasa itatuwansu, ƙasa ba ta ƙi ba, amma kada su taɓa sunan ubana sai ya tashi a majami'ar nan ranar Lahadi ya faɗi abin da ya faɗa mini. Ya ce zai yi addu'a a kai. Lahadi huɗu sun wuce, yana ta addu'a.

In aka auna abin da ya rage na Baba, babu kurmi, babu ruwa, babu wanda ya wanke shi. Abin da ya rage gaskiya ce kawai da ya ƙi sayarwa, da kuma wani abu da ke ci mini rai. A shekara ukun nan bai taɓa fashin sujada ba. Ranar Jibi, da an ɗauko gurasa da ƙoƙo, sai ya tashi ya fita ya zauna a gindin mangwaro tare da waɗanda ba su yi baftisma ba. Ni kuwa, 'yarsa mai karatun malanta, ina bencin mawaƙa, ina kallonsa ta taga, kuma in miƙa hannu in karɓa. Ko sau ɗaya ban tashi na bi shi ba. Idan an tashi sai ya jira ni a bakin ƙofa ya ce, "Saraya, ka ci Jibi?" In ce e. Ya ce, "To, ya yi kyau," ya wuce gaba da sandarsa. Ban yafe wa ƙungiyar nan ba, kuma ba na tsammanin zan yafe wa yarinyar da ta zauna a bencin nan.