Tauno a Bakin Raga

Tun Reino Kallio yana saurayi shi ke daskarar da filin hokin ƙanƙara na garinmu, a arewacin Ontario. Da sanyi ya kama sai ya jawo mesa yana yayyafa ruwan zafi, shimfiɗa kan shimfiɗa, har ƙanƙara ta kwanta sumul. Shi ne kuma mai cika al'adar garin: in tsohon ɗan wasa ya mutu aka ƙona gawarsa, Reino ke zuba tokar a ruwan farko, mamacin ya ƙara kaka ɗaya a fili kafin bazara ta narkar da shi.

Bara yayansa Tauno ya rasu, tsohon mai tsaron raga. A gadon asibiti ya ce, "Kada ka ajiye tokata a kan kantar ɗaki, Reino. Ka san ba na son ɗumi."

A shekarar ne ƙwararrun ƙungiyoyi biyu suka zaɓi garinmu don wasan fili buɗe. Suka zo da injunansu da ma'aikatansu, suka karɓe filin na tsawon kakar gaba ɗaya. Reino aka ba shi hula da aikin gadin tankin ruwa.

"Sun mai da kai maigadi, tsoho," in ji matarsa Aili. "Shi kuma yayanka yana gwangwanin kofi kusa da murhu. Jiya saura kaɗan in dafa shi."

"Ai ko da ransa ɗaci gare shi," in ji Reino.

Wata rana da azahar, ma'aikata sun tafi cin abinci, Reino ya buɗe tankin ya juye gwangwanin. Da yamma aka fesa ruwan ko'ina a filin.

Ranar wasa gari ya waye tas, rana na ƙyalli. Jama'a sun cika benci, numfashinsu na tashi kamar hayaƙi. Ana cikin zagayen farko mai tsaron ragar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ya durƙusa don tare ƙwallo, ya tashi gwiwoyinsa sharkaf. A ƙarƙashinsa ƙanƙarar ta yi toka-toka. Abu mai duhu yana jan zafin rana ya narkar da ƙanƙara, kowa ya san wannan. Abin da Reino ya kasa ganewa shi ne yadda tokar da aka watsa a fili duka ta taru wuri ɗaya, a ragar arewa, wadda Tauno ya fi so. Tabo biyu ne dogaye gefe da gefe, irin na mutum a durƙushe.

Aili ta damƙe hannun Reino. "Kada ka ce komai."

Aka tsayar da wasa. Motar gyaran fili ta kankare wurin, aka zuba sabon ruwa. Tabon ya sake fitowa, ya fi na farko duhu. Mai tsaron ragar ya ce shi ba zai koma nan ba, wani abu na taɓa masa ƙafa. 'Yan kallo suka yi dariya, ban da tsofaffin garin.

Sai da rana ta faɗi aka ƙarasa wasan. Ba ƙwallo ko ɗaya da ta shiga ragar arewa.

Baƙin sun kwashe kayansu, Reino ya karɓi mesarsa. Har ƙarshen kakar yana yayyafa filin, amma in ya iso bakin ragar nan sai ya rage ruwan, ya kewaye.